Malama Ɗaya-bisa da Garkunanta

A makarantar firamaren da ke bayan tashar mota, in ka nemi malamar aji uku da sunanta na gaskiya, sai malamai sun yi ta kallon juna kafin wani ya tuna. Amma ka ce Malama Ɗaya-bisa, ko yaron da aka kawo jiya zai kama hannunka ya kai ka ƙofar ajinta. Yara ne suka laƙaba mata sunan, don da wuya ta buɗe baki ta rufe ba ta ce ɗaya bisa kaza ba. Da farko a bayan idonta ake faɗi. Ranar da ta ji, ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye, ta ce, "Ai gara wannan da a ce min Malama Bulala." Daga nan sunan ya bi ta.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta da sauri kamar wadda ta baro tukunya a kan wuta. Hannun rigarta ba ya rabuwa da farin alli. Jakarta kuwa ko ɓarawo ya ɗauka sai ya yi da-na-sani, don babu komai a ciki sai ƙyallaye, da almakashi, da marafen kwalba, da hotunan dabbobi da ta yanko daga tsofaffin kalanda.

Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu. Babansu ma'aikaci ne a gidan namun daji na garin, aikinsa tura baro cike da ciyawa da ganye, da wanke keji, da zuba ruwa a kwatarniya. In ya dawo da yamma, tun daga ƙofa mamarsu take tare shi.

"Tsaya nan, malam. Ga ruwa can a bokiti. Ba za ka shigo min da warin giwa ɗaki ba."

"Giwar ma cewa take ina warin gidanku," in ji shi, yana cire takalmin robarsa.

Ranar da babu makaranta ita ake aika ta kai masa abinci, don yayyenta sun ce kunya suke ji a gan su a can. Ita kuwa nema take. Sai ya zaunar da ita a kan bulo kusa da filin birai, ya ce ta yi shiru ta duba.

"Kada ki kalli biri ɗaya," yakan ce. "Masu zuwa kallo su ke yin haka, su tafi ba su ga komai ba. Ki kalle su duka."

Ta haka ta lura cewa in ana cin abinci akwai wanda yake zaune a saman dutse, yana ci yana waige-waige. Ta lura da yadda ɗan jariri yake yawo daga hannun uwarsa zuwa hannun wata, da yadda faɗa yake ƙarewa da tsintar wa juna kwarkwata. Ba wanda ya gaya mata wannan karatu ne. Ita dai ta san ya fi zaman gida daɗi.

Lissafi ne ya so ya raba ta da makaranta. Malaminsu ya rubuta ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas a allo, ya tambaya wanne ya fi girma. Ta ɗaga hannu har tana miƙewa, ta ce ɗaya bisa takwas, tunda kowa ya san takwas ya fi huɗu. Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda su ma ba su sani ba. Malamin ya ɗana mata rula a bayan hannu, ya faɗi amsar, ya wuce. Dalilin ne bai faɗa ba. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a darasin lissafi ba.

Kankana ce ta warware mata. Wata rana babansu ya shigo da guda, mamarsu ta ɗora wuƙa za ta raba wa su huɗun, sai ga sallamar goggonsu da 'ya'yanta huɗu a baya. Wuƙa ta sake shawara. Abin da ya iso hannun yarinyar siriri ne, kana iya hango rana ta cikinsa. Ta tsaya tana dubansa, sai ta daka tsalle.

"Mama! Ashe shi ya sa! In mutane suka yi yawa rabon kowa ƙanƙancewa yake!"

"Ci ki rufe min baki," in ji mamar, tana zare mata ido, "goggonki tana ji."

Goggo ta ji, ta kuma yi wata guda ba ta tako gidan ba. Amma yarinyar ta gane, kuma ta ji haushin cewa abu mai sauƙi haka aka doke ta a kansa.

Bayan kwalejin horon malamai aka turo ta wannan makarantar, aka ba ta aji uku, a nan kuma ta tsufa. Ta auri wani tela mai shago a bakin titi, mutum mai sanyin hali da son zolaya, wanda tef ɗin awo ba ya sauka daga wuyansa ko abinci yake ci. Ajin nata dogon ɗaki ne mai tagogi ta gefe guda, allonsa ya yi fari-fari don tsufa, bencin mutum uku yara biyar ke matsuwa a kai. In motoci suka fara hon a tasha sai ta ɗaga murya, shi ya sa har a gida da ƙarfi take magana.

Haɗa lissafi da dabbobi ba dabararta ba ce tun farko, dole ce ta kawo. An yi wa malamin kimiyya canjin wurin aiki, ba a turo wani ba. Hedimasta, wanda malamai ke kira Babu-hanya saboda amsarsa ke nan ga kowace buƙata, ya kira ta ofis.

"Malama, za ki haɗa da kimiyya."

"To, ranka ya daɗe. A ƙara min lokaci a jadawali."

"Babu hanya. Ki cusa su a wanda kike da shi."

Ta fito tana ƙunƙuni. A makon, littafin lissafi yana kan ɗaya bisa biyu zuwa ɗaya bisa goma, na kimiyya kuma yana kan dabbobin da ke zama tare. Ta shimfiɗa su biyu a kan tebur a gida tana dubawa, mijin yana ƙarasa ɗinkin wata riga a gefe. Idonta ya faɗa kan ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keken ɗinkinsa.

"Maigida, waɗannan zubarwa za ka yi?"

"Sai dai in za ki yi mana miya da su."

"Yanka min su dogaye-dogaye, tsawo ɗaya. Kada wani ya fi wani ko da ɗan yatsa."

Washegari ta raba ajin garke-garke, kuma da gangan ta ƙi daidaita su. Wani garken mutum uku, wani huɗu, wani biyar, wani shida. Ta ba kowanne suna: zakuna, giwaye, zabi, tururuwa, ƙudan zuma, birai. Nan rigima ta tashi. Kowa zaki yake so, ba mai son biri. Wani yaro ya fashe da kuka ya ce in aka ji a unguwa ya shiga uku. Sai ta zauna a bakin tebur ta ba su labarin wanda ke zama a saman dutse yana gadi sauran suna ci, da yadda ihunsa ɗaya yake tserar da kowa. Ta ƙara da cewa zaki namiji yawancin yini barci yake, matan ne suka fi fita farauta. Kafin ta gama, zakuna biyu sun nemi a mayar da su birai.

Sannan ta ba kowane garke ƙyalle guda da almakashi, ta ce a raba daidai wa daida, kowa ya samu. Can sai wani ya yanka nasa da faɗi, ya ce shi ne babba, rabi babba ne nasa.

"Kawo nan," ta ce. Ta ɗora gutsuren biyu a kan juna ta ɗaga sama. "Kun ga wannan? Babu wani abu wai shi rabi babba. In ɗaya ya fi ɗaya, ba rabi ba ne, zalunci ne. Daga yau mai yanka shi ne zai ɗauka a ƙarshe."

Ba ta taɓa ganin awo mai kyau irin na ranar ba. Yara suka riƙa ninke ƙyalle suna lallaɓa shi kamar likitoci. Da aka gama ta ce kowa ya ɗaga nasa. 'Yan garken uku suna riƙe da dogaye, 'yan garken shida kuwa ɗan guntu-guntu. Wata yarinya daga garken giwaye, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Malama, wallahi an cuce mu! Ƙyalle ɗaya aka ba mu da su, ga nasu ya ninka namu!"

"Ku nawa ne?"

"Shida."

"Su fa?"

"Uku."

"To wa ya cuce ku?"

Rediyo ta duba 'yan garkenta ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, "Yawanmu ne." Malama ta juya ta rubuta ɗaya bisa uku da ɗaya bisa shida a allo, ta manna gutsuren kowanne a ƙarƙashinsa.

Da safe yaran manyan garkuna suka zo suna roƙon a rage su. Ta ce to, amma sai an fita fili tukuna. Ta riga ta shirya da mai gadin makarantar, wani tsoho mai gashin baki wanda yara ke tsoro, ya yarda zai zama damisa. Ta watsa marafen kwalba a cikin yashi ta ce abinci ne, kowane garke ya sunkuya ya tsinta, wanda damisa ta taɓa ya fita. Tsoho ya riƙa laɓewa bayan tankin ruwa yana fitowa da gurnani. Garken mutum uku, kowa kansa a ƙasa, nan da nan aka cinye su. Giwaye kuwa suka tsayar da Rediyo gadi, sauran biyar suna tsinta. Ko inuwar tsohon ta hango sai ta kurma ihun da har direbobin tasha sai sun leƙo ta katanga.

Da suka koma aji suna haki, ta tambaya, "Har yanzu akwai mai son a rage garkensa?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Wani daga baya ya ce, "Rabon kaɗan ne, amma idanu da yawa." Ta sa ya fito ya rubuta shi a allo da hannunsa, da kurakuran rubutunsa duka.

Shekara da shekaru haka ta riƙa yi, tana ƙari tana ragi. In layin tururuwa ya bi ta gindin bango sai ta tsayar da darasi, a durƙusa a duba. Ta sa yaro ya goge tsakiyar layin da yatsa, su ga yadda tururuwan ke rikicewa kafin su sake samo hanyar, ta ce ƙamshin da 'yan uwansu suka bari suke bi. Ta zana zabi goma sha biyu, ta ce sulusinsu sun hau bishiya, nawa suka rage a ƙasa? Tsofaffin kalmomin nan, rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi, tana koyar da su tare da ɗaya-bisa, ta ce kada yaro ya je gida kakarsa ta fi shi sanin sunan abin da yake riƙe da shi. Shagon mijinta ya zama kamar reshen makaranta, ba ya zubar da ƙyalle sai ya tambaye ta.

"Ni dai ina so in sani," ya ce mata wata rana, "a zuciyar nan taki, bayan an ba wa yaran mutane nasu, ɗaya bisa nawa ya rage min?"

"Kai ai ba a raba ka da kowa ba."

"Haka kike ce wa hedimasta in kina neman alli."

Amma abin da ta fi tunawa a duk aikinta a shekarar farkon nan ya faru, kuma da Rediyo ne. Baban yarinyar direba ne a tashar. Ya yi 'yar gajeriyar jinya ya rasu ana tsakiyar zangon karatu. Malama ta je gaisuwa tare da sauran malamai. Da yarinyar ta dawo makaranta, ba a ƙara jin muryarta ba. Tana zuwa da wanka da tsabta, tana rubuta abin da aka ce, amma in an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Yara suka daina kiranta da sunan, don ya zama kamar zagi.

Ana haka Malama ta ba da aikin gida wanda ta tsara tun farkon zango, ba ta kuma sake dubansa ba: kowa ya ƙirga mutanen gidansu, ya rubuta shi ɗaya bisa nawa ne. Washegari da aka kaɗa ƙararrawar cin abinci, aji ya watse, yarinyar ta tsaya. Ta matso bakin tebur ta ajiye takardarta. Ta rubuta ɗaya bisa biyar ta soke, ta rubuta ɗaya bisa huɗu.

"Malama," ta ce, murya can ƙasa, "kin ce ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa biyar girma."

"Haka ne."

"Ke nan na ƙaru?"

Malama ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi.

"In an kawo burodi yanzu nawa ya fi da yawa," in ji yarinyar. "Ni ba na so."

Malama ta jawo ta jikinta. Ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ta san an faɗa mata har ta gaji da ji. Ta ce, "Lissafinki daidai ne, 'yata. Tambayar ce ba daidai ba, kuma ni na yi ta. Ki yafe min." Tana riƙe da ita har aka dawo daga cin abinci.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba, ta biya wurin babanta. Ya riga ya yi ritaya, gwiwoyi sun hana shi sakat, yana zaune a ƙofar gida a kujerar roba da sandarsa a gefe. Ta ba shi labari. Ya daɗe yana murza gemu.

"Ni ban san abin da ake gaya wa yaro ba," ya ce. "Ku ma da mamarku ta rasu ban iya gaya muku komai ba, kuma da girmanku. Sai dai kin tuna giwayen nan biyu? Ɗaya ta mutu bara. Wadda ta rage, an ce min ta yi makonni tana tsaye a inda 'yar uwarta ke kwanciya, ciyawar biyu a gabanta, ba ta ko duba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu tana ci. Ina so in je in gan ta, ƙafa ce babu."

A hanyar gida ta yanke shawarar kai ajin gaba ɗaya. Ba wai ta san abin da zai yi wa yarinyar ba ne. Ta dai ga ta yi wata da watanni tana nuna wa yara giwar kalanda alhali ta gaske tana cikin garinsu.

Hedimasta ya ce babu hanya. Babu mota, kuma in yaro ya ɓata wa zai amsa? Ta ce ita. Ta koma washegari, ya sake cewa babu hanya. Ta sake komawa. A ƙarshe ya ce in ta samo mota da yardar iyaye, shi bai gani ba bai ji ba. Ta ɗaura gyalenta ta shiga tasha, ta tarar da direbobi a rumfarsu suna shan shayi. Ta gaishe su, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Shugabansu, wani ƙato mai murya kamar ganga, ya fara kawo uzurin mai da fasinja.

"Ajin 'yar marigayi ne," in ji wani daga gefe. "Wannan mai surutun da ke kawo masa ruwa."

Shugaban ya ajiye kofinsa. "Yaushe kike so, Malama?"

Bas biyu suka bayar. Hedimasta da kansa ya zo da hular rana ya shige gaba, ya ce don tsaro ne. Aka biya aka ɗauki babanta. Kafin a sauka ta ja kunnen yaran: ba za ta riƙa kiran suna ba, kowane garke shi zai kula da kansa, in ta tafa hannu kowa ya duba ko sun cika.

Yaran suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Suka yi cirko-cirko a gaban birai suna neman mai gadi, da suka hango shi a saman dutse suka yi ta sowa kamar sun ga ɗan uwansu. Wani ya ƙirga jimina, ya ce rubu'insu na zaune. Zaki kuwa barci yake, ƙafafu a sama, tsofaffin zakunan ajin suka sha tsiya. Baban Malama yana bin su a hankali da sandarsa, ma'aikata suna fitowa suna gaishe shi, "Baba, kai ne yau a gidan?"

Suna wajen tsuntsaye, ba ta ma tafa hannu ba, sai ga yara biyar na garken giwaye sun taho a guje, na gaba yana haki.

"Malama! Malama! Sudusinmu babu!"

"Me?"

"Ba mu cika ba! Mu biyar ne!"

Hedimasta ya cire hula ya fara salati yana cewa dama ya faɗa. Ta bar masa sauran yaran, ta ce kada wanda ya motsa. Babanta ya nuna da sanda ta bayan wasu bishiyoyi. "In ni ne, can zan fara dubawa."

Can ɗin kuwa 'yar marigayin take. Tana tsaye ta riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu. A ƙetaren rami ga tsohuwar giwa, fatarta duk ta tattare, tana ɗibar ƙasa da dogon hancinta tana watsawa a bayanta. Kusa da ƙafarta wata akuya ce baƙa tana cin ciyawa abinta, ko a jikinta.

Malama ta fasa faɗan da ta zo da shi. Ta je ta tsaya kusa da ita. Tsohon ya iso ya zauna a kan dakali yana nishi.

"Ita kaɗai ce?" yarinyar ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Su biyu ne da," in ji tsohon. "Ni na yi renonsu tun suna kamar tsayin malamarku."

"Akuyar fa?"

Mai kula da giwar, wanda ke tsaye da cebur, ya ce, "Da ta ƙi cin abinci aka sa mata ita. Kwana biyu tana korarta. Yanzu in muka fitar da akuyar, ba mai barci a gidan nan."

"Amma ai akuya ba giwa ba ce."

"Ba giwa ba ce," in ji tsohon. "Ita ma ta sani. Ba ta manta waccan ba. Ta dai samu wadda za su tsaya tare."

Yarinyar ta ci gaba da kallo. Sai ga sauran biyar ɗin sun ɓullo, sun karya dokar Malama sun biyo sawu. Wata 'yar ƙarama a cikinsu ta kama mata riga tana masifa da hawaye. "Ke wace irin mutum ce? Kin sa cikinmu ya ɗuri ruwa! In za ki tafi ba sai ki ce mu zo ba?" Suka jeru a jikin shingen, ita a tsakiya, suna gardamar ko giwa za ta iya haɗiye akuya. Can yarinyar ta ce, "Ba ta cin nama, ku dai ba ku san komai ba." Malama ta juya baya ta goge tabarau.

Ba a ranar ta warke ba. Maganar ta dawo da kaɗan-kaɗan, kuma ba ta sake zama mai surutu irin na da ba har ta bar makarantar. Malama kuwa ta cire wannan aikin gidan daga tsarinta har abada. Tun daga lokacin, kafin ta kawo misali da gida ko uba ko uwa, sai ta bi fuskokin ajin da ido ta tuna abin da ke bayan kowacce. In sabon malami ya zo, abin da take fara gaya masa ke nan, kafin ta nuna masa inda ake ajiye alli.

An sha yi mata tayin aji shida, an kuma taɓa neman ta zama mataimakiyar hedimasta. Ta ce a bar ta inda take, a aji uku ne yaro yake yanke shawara ko shi mai iya lissafi ne ko a'a, ita kuma tana so tana wurin in zai yanke. Ta ga hedimastoci sun zo sun tafi. Ta koyar da 'ya'yan waɗanda ta koyar. A kasuwa ba ta iya tafiya mai nisa ba a tare ta ba, mahauci ya ce shi tururuwa ne, mai sayar da takalma ta ce ita zabuwa ce, ita kuma ta yi ta amsawa ko ta gane su ko ba ta gane ba.

Da ritaya ta zo, aka ba wa wata yarinya sabuwar fitowa daga kwaleji ajin. Malama ta yi sati biyu a gida ta ishi kowa. Ta gyara shagon mijinta har ya kasa samun allurarsa. Ranar nan ya ce, "Don Allah ki je ki gaishe da makarantar nan, ko na samu in yi aiki."

Ta je. Sabuwar malamar ta tarbe ta da rawar jiki, ta ba ta kujera a bayan aji. Darasin ɗaya bisa huɗu ake yi. Yarinyar ta raba wa kowa takarda ta ce a ninke biyu, a sake ninkewa, sannan ta kunna musu hoton kifaye a wayarta, dubbai suna juyawa tare kamar abu guda. Malama ta ji bakinta yana ƙaiƙayi. Ta ga yaro a benci na uku ya ninke tasa a karkace, ta ɗaga ƙafa za ta tashi, sai ta dafe gwiwarta ta zauna. Kafin ta ƙirga uku sabuwar ta hango shi, ta je ta durƙusa a gabansa, ta ɗora ɓangarorin a kan juna ta bar shi ya gani da idonsa.

Da aka tashi yarinyar ta zo tana murza hannu. "Mama, na yi kuskure da yawa ko?"

"Muryarki ba ta kai bencin baya, motocin nan sai an yi musu da gaske. Sauran kuwa ki ci gaba." Ta nuna wayar. "Wannan na kifin, ina kika samo shi? Ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Yarinyar ta jawo benci ta zauna kusa da ita ta sake kunnawa. Malama ta gyara tabarau, ta matso da wayar dab da fuskarta.

"Ikon Allah," ta ce. "To wa ke gaya musu su juya? Mayar da shi baya in sake gani."